Tsaga a Fuskar Mai Rumbu

Duk wanda ya zo yana mini murna wai ya sayo fatar Mai Rumbu a kasuwar Funtuwa ko ta Maska, ba na ko ɗaga kai in duba. Na san abin da zan gani. Wani baduku ne da bai san kan launi ba ya dama jar ƙasa da ruwa, ya yaɓa wa fatar tunkiya, ya zana mutum kamar taikin gero, sannan ya dubi mai saye ya ce, "Tsagar wane gida za a sa masa?" Sai mai saye ya waiga hagu da dama, ya raɗa masa sunan wanda ya tsana. Ina so in zage su tas, amma bakina ba ya buɗuwa, domin ni na fara. Ni Mati ɗan Ummaru, badukun Bakori.

Mahaifina ne ya zana ta fari, a wata yunwa da aka yi tun ban yi wayo ba. Fatar akuya ce jemammiya, ya raba ta gida huɗu. A gidan farko ga mutum zaune a kasuwa yana awon dawa, babban yatsansa a cikin mudu. A na biyu ga rumbunansa bakwai a jere, mata na tsaye a ƙofar gidansa da ƙorai a kife. A na uku gara ta cinye gindin rumbunan, ɓeraye sun yi ƙiba har ba sa iya gudu, shi kuwa yana kishingiɗe da tumbi a gaba. A na huɗu an ɗauko shi a makara, ƙafafunsa sun leƙo waje saboda magada sun yi rowar likkafani, ga su can baya suna kokawa a kan mudun. Ƙafafun nan ne ke kashe mutane da dariya. Sai an gama dariyar, ka ga wani ya sosa ƙeya, ya sulale.

Mutane suka so ta, kowa ya ce a yi masa irinta ya rataye a zaure. Da wannan aikin na tashi. Mu shimfiɗa ta asali a gefe, sabuwar fata a gefe, mu bi ta zane bayan zane, ba ƙari ba ragi, har da wani ɓera mai guntuwar jela da ke leƙowa daga rumbu na biyar. Ja daga karan dafi muke samu, baƙi daga kunkunniyar ɗakin girki, shuɗi daga shunin marina, fari daga alli. Abin da sauran dukawa ba su sani ba shi ne man. Man riɗi muke dafawa da ƙaro har ya yi kauri yana bin tsinke, da shi muke dama launi. Kwana bakwai yake yi a inuwa kafin ya kama. A cikin kwanakin nan in ka yi kuskure, tsumma kawai za ka sa ka goge. In ya kama kuwa, ko a rafi ka jiƙa fatar ba abin da zai fita.

Ƙa'ida guda mahaifina ya kafa: Mai Rumbu ba shi da fuska. Kai ne kawai da hula, gabansa fili, ba ido, ba hanci, ba baki. Da farko don Malam Abdussamad ne, limamin unguwarmu, wanda ya ce zanen mai rai ba shi da kyau. Da ya ga kan babu fuska sai ya ce to, wannan wa'azi ne, a bar shi. Amma ranar da ciwon ajali ya kwantar da tsohon, ya riƙe wuyan hannuna ya ce, "Mati, fuskar nan kada ka taɓa ta. In babu komai a kanta, kowa ya duba kansa yake gani. Ranar da ka sa mata alama, kowa maƙwabcinsa zai gani." Na ce na ji. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da amanar nan, na zana fata fiye da ɗari, ko ɗigo ban taɓa ɗiga wa fuskar ba.

Sai shekarar fara ta zo, shekara biyu bayan harin da Maraɗawa suka kawo ƙasarmu. Farar ta sauka ana gab da girbi, daga Bakori har Malumfashi ta bar mana kara tsirara. Kafin bazara mata sun shiga daji suna tonon gidan tururuwa, suna sheƙe 'yar tsabar da suka samu. A duk garin mutum ɗaya ne rumbunansa ke cike, Maitama mai hatsi.

Ni ba na ƙin mutum don Allah Ya ba shi. Abin da ya sa na tsani Maitama shi ne yunwarmu daɗi take masa. Sai ya sa a shimfiɗa masa buzu a gindin ɗurumin ƙofar gidansa, ya zauna yana cin goro, mutane na tsugune a rana, sai ya ga dama ya dubi ɗaya ya ce, "Kai me ka kawo?" Wani ya kawo akuya, wani ya kawo rigar aurensa, wani gonar ubansa sukutum ya bayar a kan 'yan dammuna. In yana magana, billen da ke kumatunsa na hagu yana motsi, ga 'yan baka uku-uku a gefen baki. Tsagar gidansu ke nan, kowa a Bakori ya san ta.

Maitama yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, ko da yake sai ka rantse ba nono ɗaya suka sha ba. Baba Manu ke nan, aminin mahaifina. Tun yana saurayi ya koma Dayi da noma, ya tsufa a can, har mutanen garin suka damƙa masa rumbun zakka, inda ake tara hatsin mabukata. A bazarar nan ya zo Bakori a kan jakinsa, ya tsaya a gindin ɗurumin a gaban jama'a, bai ko zauna ba.

"Maitama," ya ce, "rabin gonakin da ka cika rumbunan nan da su nawa ne na gado, ban taɓa ce maka komai ba. Ka buɗe ka sayar wa mutane cikin mutunci. In ba haka ba, bayan Sallah sai mu je gaban alƙali a raba, in ɗauki nawa in ba masu jin yunwa."

Maitama ya sauko daga buzu ya durƙusa ya ce, "To, Yaya," kamar mutumin kirki.

Da zai koma, Baba Manu ya biyo ta gidanmu ya sauke dami biyu na dawa daga nasa, ya ce na Inno ne, matar abokinsa. Inno mahaifiyata ce. Dammunan nan su suka riƙe mu har ruwan fari ya sauka.

Da suka ƙare, Inno ba ta gaya wa kowa ba, ta ɗauki ƙwarya da zanenta na saƙi, wanda take ajiya don ranar Sallah, ta tafi wurin Maitama. Tsohuwa mai shekara kusan saba'in. Ya shanya ta a rana tun hantsi har azahar. Da ya ga dama ya karɓi zanen, ya sa aka auna mata mudu guda, rabinsa ƙaiƙayi da yashi. Ta ce, "Haba ɗan nan, dubi abin da aka ba ni."

Ya ce, "Ke ba matar mai zanen fata ba ce? Ai fatu sun cika muku ɗaki. Ku dafa ku ci mana."

Waɗanda ke jiran awo suka yi dariya, domin mai jiran awo dole ya yi dariya. Ta dawo ta ajiye ƙwaryar ta shige ɗaki. A bakin maƙwabta na ji labarin.

Wuƙar yankan fata na fara ɗauka. Matata Lauratu ta tare ƙofa da jikinta, ta ce sai dai in fara da ita. Na koma na zauna, idona ya rufe. Da na ɗago kai sai na ga fatu uku da na gama shekaranjiya, suna rataye a inuwa suna jiran su kama. Kawuna huɗu-huɗu a kowace, duk ba fuska, suna kallona. Na jawo kaskon baƙi, na tsoma tsinke. Bille a hagu, 'yan baka uku nan, uku nan. Kai goma sha biyu na yi wa, har wanda ke cikin makara na buɗe masa gefen likkafani don a gani. Wallahi ban taɓa jan zane mai kyau irin na ranar ba.

Lauratu ta zo ta tsaya a kaina.

"Maigida, me ka yi haka?"

"Abin da ya kamata a yi tun tuni."

"Baba ya hana."

"Baba bai ga an shanya matarsa a rana ba."

"To saurara mini. Tsagar ga ba ta Maitama ba ce shi kaɗai, ta gidansu ce. Wanzami ɗaya ya yi musu."

"Wa ke da rumbu bakwai a garin nan? Ko makaho ya san da wa ake."

"A garin nan," in ji ta. "Ita fata ai tafiya take."

Na daka mata tsawa na ce ta koma madafa, ko da yake babu abin dafawa a ciki. Ta tafi, amma kullum da safe sai in tarar ta ajiye tsumma a ƙarƙashin fatun, a ninke. Kullum sai in sa ƙafa in shure shi. A rana ta uku Inno ta fito da sandarta ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ubanka bai yi haka ba." Na ce mata haƙurin ubana ne ya sa ake taka mu. Har shi da ke cikin kabari haushinsa nake ji a lokacin. Kwana bakwai cur Allah Ya ba ni in goge, ina wucewa ta gaban tsumman nan safe da yamma. A rana ta bakwai na taɓa billen da yatsa, na ji ya kama, na ji daɗi.

Ranar kasuwa na rataye su a gaban rumfata. Kafin rana ta take, hanya ta toshe. Dariyar ranar ta fi ta kullum ƙarfi, amma ba irinta ba ce. Babu wanda ya sosa ƙeya, babu wanda ya sulale. Sai nuni ake da baki wajen gidan Maitama, masu awon da ke sa yatsa a mudu su ne ma suka fi kowa ƙyaƙyatawa. Malam Abdussamad ya zo wucewa, ya tsaya, ya duba, na gaishe shi ya amsa a taƙaice ya tafi. Ko a jikina. Ni dai zuciyata ta yi sanyi, na rama wa uwata.

Da la'asar sai ga Maitama da kansa, babbar riga har ƙasa. Jama'a suka dare. Na miƙe tsaye na gyara ɗamara, ina jiran ya taɓa fata ɗaya in nuna masa ɗan wane ne ni. Ya sunkuya ya bi gida huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan billen. Sai ya fashe da dariya har da share hawaye.

"Ɗan Ummaru, hannunka ya fi na ubanka. Guda nawa gare ka?"

"Uku."

"Na saye su duka. Taikin dawa, tsabarta, ba ƙaiƙayi."

Na ɗaga murya don kowa ya ji, na ce, "Ka je ka ƙone su. Ina da sauran mai, ina da sauran fata."

"Ƙonawa?" ya ce. "Wa ke ƙona abu mai kyau haka?"

Wawa irina, na karɓa. Na sa aka ɗora mini taikin a ka na ratsa kasuwa ina taƙama, wai ni ne na buɗe rumbun Maitama da tsinke. Ran nan aka yi tuwo a gidanmu. Lauratu ta ɗan taɓa ta tsame hannu. Ni na cinye nawa na nemi ƙari.

Bayan kamar kwana ashirin, wani falke mai suna Shitu, wanda ke kawo kanwa daga wajen Dayi, ya tsaya a rumfata yana washe baki.

"Ashe kai ne ka tona asirin tsohon nan namu? Allah Ya saka maka. Mu muna can muna ganinsa kamar waliyyi."

"Wane tsoho?"

"Manu mana, mai rumbun zakka. Ai fatarka na nan rataye a tsamiyar kasuwarmu, ɗaya a zauren maigari, ɗaya an wuce da ita Malumfashi. Masu jakan Maitama suka kawo. Suka ce shi ma kunya ta hana shi magana, wansa ne, amma ga abin da ɗan aminin Manu ya zana da hannunsa. Aka ce to, ɗan aminin mutum ai ba zai yi masa ƙarya ba. Kuma duk Dayi wa ke da wagga tsaga in ba shi ba?"

Ban san sa'ad da na zauna a ƙasa ba. Maitama bai ji kunya ba, don ba shi da ita. Abin da ya gani a fatar nan shi ne hanyar da zai rufe bakin wansa kafin Sallah, ni kuma na sassaƙa masa ƙotar na miƙa masa. Na tashi na shiga gida, na ciro fatar asali daga cikin tukunyar da muke ajiye ta, na naɗe na rataya. Lauratu ta bi ni da kallo. Da ma ta ce ai na gaya maka, da na sami wanda zan yi wa faɗa.

Kwana biyu ina tafe. Gero ya fara tasowa kore shar a gonaki, amma mutanen da ke noma a ciki duk sun rame, haƙarƙari a waje. Tun daga Bakori nake zagi. Na zagi Maitama, na zagi Shitu da washe bakinsa, na zagi mutanen Dayi da suka zauna da mutum shekara arba'in fata guda ta juya musu kai. In na gaji sai in dawo kan kaina. A kasuwar Malumfashi na ga abin da ya ƙara tsinka mini zuciya: dukawan garin har sun kwaikwaya. Guda biyu na gani a rumfa, launin ruwa, ɓerayen kamar kyankyasai, ƙafafun gawar ma ba su iya ba. Amma billen da 'yan bakan sun fito raɗau, wannan kam ba su yi kuskure ba.

Ina shiga Dayi na ga rumbun zakka an fasa masa ciki, an toshe da zana. Na wuce kai tsaye zauren maigari. Dattawa na zaune, ga fatata a bango a saman kansu. Na yi sallama, na faɗi sunana, suka yi mini maraba kamar wani jarumi, har ana matsa mini wuri a tabarma. Ban zauna ba. Na warware fatar mahaifina a gabansu.

"Ga ta asali," na ce. "Ku duba da kyau. Mai Rumbu ba shi da fuska, ba kowa ba ne. Ni na ƙara tsagar don haushin Maitama. Baba Manu bai san hawa ba bai san sauka ba."

Maigari ya sunkuya ya duba, ya dubi ta bango, ya sake duban tawa.

"Wagga ai ba a gama ta ba," ya ce.

"Ranka ya daɗe, ita ce ta fari. Daga ita aka kwafi duk sauran."

"Ta fari ba fuska? Yaro, ka dai ɗauko wadda ba ka ƙarasa ba don ka wanke shi. Halan ya aika maka ne?"

Na ba su labarin Inno da zanenta, da ƙaiƙayi, da maganar alƙali bayan Sallah. Wani tsoho mai carbi ya girgiza kai ya ce ƙane ba ya yi wa wansa haka. Maigari ya ɗaga hannu.

"Kai ka zana waccan ko ba kai ba?"

"Ni ne."

"Tsagar Manu ce ko ba tasa ba?"

"Tasa ce, amma..."

"To shi ke nan."

Na manta a gaban wa nake, na ce, "Kun fasa rumbu! Me kuka tarar?"

"Zakka na nan cif, ko zangarniya ba ta ɓata ba."

"Nasa fa na gida?"

"Wayam. Sai kashin ɓera."

"To me ya rage?"

Tsoho mai carbi ya nuna bango da haɓa. "Rumbu bakwai aka zana. Mu biyu muka gani. Sauran biyar ɗin muke tambayarsa, ya ƙi faɗa."

Wallahi da akwai gatari kusa da na rushe zauren nan. Na yi tsalle na fizgo fatar daga bango, na tofa mata yawu, na murza da bakin rigata. Na sa farce na kankara har farcen ya tsage. Billen na nan yana sheƙi, kamar yau na ja shi. Man mahaifina ne, wanda nake cika baki da shi a kasuwa cewa ko rafi ba ya fitar da shi. Na zaro wuƙa zan yanka, suka taru suka riƙe ni, suka karɓe abarsu, suka jefo mini ta mahaifina, suka tura ni waje ana cewa an saye ni. Ina fita na ji ana mayar da ita kan marataya.

Gidan Baba Manu yana bayan gari, kusa da wata rijiya. Matan da ke ɗiban ruwa suka nuna mini da baki, ɗaya ta ce, "Gidan Mai Rumbu kake nema?" sauran suka yi dariya. Na tarar da shi a ƙofa yana ɗaure wa jaki kaya: tabarmi, tukwane biyu, fartanya, wani ɗan akwatin fata da mahaifina ya ɗinka masa. Ya rame ƙwarai. Matarsa Hansai na zaune a dakali, na gaishe ta ta kau da kai, kuma ta yi daidai.

Na zube a gabansa. So nake ya ɗauki igiyar nan ya zane ni, ya zagi uwata da ubana, ko na sami sauƙi.

"Tashi, ɗan Ummaru," ya ce. "Ka sha ruwa?"

Ban tashi ba. A durƙushe na ba shi labari tun daga ƙwaryar Inno har zuwa taikin dawa, ban ɓoye tuwon da na ci ba. Yana ji yana ɗaure kayansa.

"Ya ce mata ta dafa fata ta ci?"

"Ya ce, Baba."

"Kai. Ko ni ne sai raina ya ɓaci." Ya ja igiya ya ƙulle. Sannan ya kai hannu ya shafa kumatunsa na hagu. "Na je kasuwa na gan ta. Billen ya fito sosai. Ni ina da kwana bakwai a duniya aka yi mini shi, ba a tambaye ni ba."

"Baba, mu je gaban alƙali tare. Zan rantse da Alƙur'ani."

"Ka faɗi gaskiya yanzu a zaure, sun ji ka? Wanda ake nema da rumbu biyar ne zai je ya ce a ba shi gonaki don ya ciyar da mutane? Bar shi ya ci." Ya ce wajen dangin Hansai za su, can yamma da Funtuwa, in fatar ba ta riga su isa ba.

Sai ya ga abin da ke rataye a kafaɗata, ya miƙo hannu. Na warware masa. Ya riƙe ta nesa da ido irin na tsofaffi, ya bi ta gida-gida. Da ya zo kan ƙafafun sai ya yi 'yar dariya.

"Ina nan ranar da ubanka ya zana ƙafafun ga. Ni na riƙe masa fatar. Da ya gama na duba kan nan marar fuska, na tuna wani mudu da na taɓa ragewa wata mata. Washegari na kai mata." Ya naɗe ta a hankali ya miƙo mini. "Kai ta gida ka ɓoye. Ba mai gane ta yanzu."

Hansai ta tashi ta ɗauki ƙunshinta ta yi gaba. Ya kama akalar jakin, ya yi taku biyu, ya waigo.

"Ka gai da Inno. Ka ce mata ta yi haƙuri, bana ba ni da abin aiko mata."

Na tsaya a wurin har suka ɓace a cikin gero. Matan rijiya na ta kallona, ban da ƙarfin ko harararsu.

Maitama bai je gaban alƙali ba, bayan Sallah ma rumbu na takwas ya gina. Ni kuwa da na koma Bakori na mayar da fatar mahaifina cikin tukunya, na kifar da kaskon man a bayan gida. A ɗaki na tarar da sauran rabin taikin dawar a jingine da bango. Na ce a fitar da ita a zubar. Lauratu ta dubi Inno, ta dube ni, ta ɗauki mudu ta auna na tuwon ranar. Muka ci.